Ranar da Lasifika Ta Rushe Jeren Rabi

Ba zan taɓa mantawa da wata la'asar ta Juma'a ba, a shekarar da na yi aure. Ina ƙaramin malamin makaranta a Fagge lokacin, Turawa ba su tafi ba, kuma ɗakin da muke haya ni da amaryata Rabi in ka miƙe ƙafa sai ta gaisa da bango.

A Sabon Gari na gamu da abin. Wani Bayarabe mai gyaran rediyo, Baba Lamidi, ya jona wa rediyonsa ƙananan akwatunan lasifika biyu na katako, ya murɗa, sai ga muryar wani gwani daga Misra yana karatun Alƙur'ani. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Har jan numfashinsa nake ji, kamar yana zaune a kan buzu a gabana. Mutum yana Misra, ni ina Kano! Na tsaya baki buɗe har Baba ya miƙo mini kujera.

Da na dawo hayyacina sai na nuna wani ƙaton akwati na ce shi nake so.

"Malam, ɗakinka taku nawa ne?"

"Huɗu."

Ya yi dariya. "Wancan na gidan biki ne. Ɗauki ƙananan nan. Ɗaya dama ɗaya hagu, daidai kunnen mai zama. Kada ka ajiye su kusa da abin da zai girgiza."

Na ce to (irin to ɗin da ɗan boko ke yi in yana ganin ya fi ka sani). Na sayi rediyo da ƙananan akwatunan, na kai gida.

Matsalar ita ce surukina, Malam Habu, malamin zaure ne wanda ya ɗauki rediyo shagala. Ya aiko cewa zai zo ya ji da kunnensa. In shagala ce, ba za ta kwana a ɗakin 'yarsa ba.

Sai na yi nawa ijtihadin. Abin da karatu zai fito daga cikinsa, yaya za a ajiye shi ƙasa-ƙasa kusa da takalma? Wuri mafi daraja a ɗakin shi ne kantar jeren Rabi, inda gwaggwanninta suka ɗora kwanuka da tasoshi har suna neman rufi. Nan na cusa akwatunan.

"Malam, jerena fa," in ji Rabi.

"Ke dai zuba ido."

Ranar Juma'ar da la'asar Malam Habu ya zo, na shimfiɗa masa buzu a ƙarƙashin kantar. Na durƙusa na murɗa rediyon. Allah Ya taimake ni, ga gwanin nan. Malam ya sunkuyar da kai, carbinsa ya tsaya cak. Da na ga haka, kaina ya kumbura, na ƙure ƙara.

Kwanuka suka soma amsawa, zirrr. Gwani ya ja wata doguwar madda, murfi ya zamo, tasa ta bi shi, sai jeren gaba ɗaya ya sauko, kwararam! Wani kwano ya kife a kan rawanin surukina, wani murfi ya yi ta juyi a tsakar ɗaki kamar ba zai tsaya ba. Rabi ta arce waje. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage. Na kai hannu zan kashe, sai Malam ya buge hannun.

"Kul! Ana katse mai karatu?"

Haka muka zauna cikin kwanuka har gwani ya kai aya. Malam ya sauke kwanon daga kansa a hankali, idonsa jiƙe da hawaye.

"Subhanallahi. Shekara arba'in ina karantar da surar nan, yau na ji ta." Ya dube ni. "Rediyo kam ta zauna. Kai ne dai zan sake dubawa."

Tun ranar na gane cewa ɗan boko in zai yi fatawa, ya fara duba abin da ke saman kan surukinsa.