Ranar Da Na Rufe Bakin Kasuwar Partago

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tashi taimakon ɗiyata Hamsatu, na kusa kashe mata aiki da hannuna. Har yau in na tuna sai na ja mayafi na rufe fuska, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

Hamsatu ita ce autata. Tana karatun masta na aikin jarida a jami'a a Parakou, tana zaune wajen gwaggonta a unguwar Titirou, ni kuwa ina nan gida Djougou. Tun da ta fara karatun nan ban ƙara ganinta a zaune ba. Da safe tana aji, da rana tana gidan rediyon da take koyon aiki, da yamma tana bayan zem, wato babur ɗin haya, tana bin wanda ya yi mata alkawarin hira ya ɓace. In na kira ta sai in ji iska da ƙarar babur, tana cewa, "Inna, zan kira ki, ina hanya." Kullum tana hanya. Gwaggonta ta ce a tsaye take cin abinci, wani lokacin da jaka a kafaɗa. (Ni da na yi yaƙi da jahilci bayan na gama haihuwa, karatun da na sani a kan tabarma ake yinsa.)

To wata rana ta kira ni da kanta, abin da ba ta saba ba. Ta ce malaminsu ya ba kowa aikin rahoton rediyo, ita ta zaɓi matan da ke sayar da goro a kasuwar Partago. Ran Litinin za a miƙa, kasuwar kuma sau ɗaya take ci a mako. In ta rasa wannan cin, ta rasa makin darasin gaba ɗaya, sai ta maimaita shi baɗi. Ba ta roƙe ni komai ba. Cewa kawai ta yi, "Ki gaya wa su Hajiya Kande ina zuwa, kada su gan ni kwatsam."

Na ji daɗi ƙwarai. Mu gidanmu goro muka gada tun kakanni, kuma na yi shekaru ina zama a rumfar goro ta kasuwar nan kafin gwiwa ta zaunar da ni. Ga dama ta samu, yau ni ma zan yi wa yarinyar nan amfani.

Sai na zauna na yi tunani (nan ne matsalar ta fara). Ni dai rediyon da nake ji, mutum ɗaya ke magana, tas, ba kukan akuya ba ihun yara. A ajinmu na manya ma in malama ta buɗe baki kowa tsit yake yi. Rumfar goro kuwa na san ta, ko kiran salla da ƙyar ake ji. Na ce a raina, yaya ɗiyata za ta kai wa malamin jami'a wannan hayaniya? Ai sai ya ce daga gidan marasa tarbiyya ta fito.

Ranar kasuwa na yi sammako, na hau babur na riga ta isa. Na bi rumfa rumfa ina gaisuwa, ina roƙo a hankali yadda na saba magana. Na ce don Allah in sun ga Hamsatu ta ɗaga na'urarta ta ɗaukar murya kowa ya yi shiru. Na roƙi mai niƙa ya kashe injinsa na ɗan lokaci. Na lallaɓa mai sayar da magani ya rage lasifikarsa. Har wata akuya na sa aka ɗaure bayan masallaci. Da yake ban taɓa roƙon kowa komai ba a kasuwar nan, duk suka amsa. Hajiya Kande, babba a rumfar, ta ce, "Innar Hamsatu, ki kwantar da hankalinki, ko tari ba za a yi ba."

Hantsi ya ɗaga sai ga ta, duk ƙura, daga Parakou kai tsaye. Ta durƙusa ta gaishe da iyayenta na rumfa, ta toshe kunnuwa da wannan abin sauraro nasu, ta ɗaga makirfo sama.

Kasuwa ta mutu.

Mai wanke goro ta tsaya da hannu cikin ruwa. Mai kwance huhun goro ta saki ganye a hankali kamar jariri ne. Wani Bafillace da ya zo saye ya buɗe baki zai taya, aka yi masa alama da yatsa, ya haɗiye maganarsa. Ni kuwa ina gefe ina jin kaina kamar na gina masallaci.

Hamsatu ta dubi na'ura, ta ɗan bubbuga ta a tafin hannu. Ta cire pil, wato batir, ta sa sababbi. Ta busa makirfon. Na ga gumi ya keto mata, tana cewa, "Mon Dieu, ba yau ba, don Allah ba yau ba." Sai ta zare abin kunnen, ta saurara, ta juya tana duban mutane ɗaya bayan ɗaya.

"An yi rasuwa ne?" in ji ta.

Ba wanda ya amsa, don ba a ba su izini ba. Can Hajiya Kande ta gaji, ta juyo wajena, da muryarta da ake ji har bakin titi, ta ce, "Innar Hamsatu, mun yi shirun da kika sa mu. Yaushe za a buɗe baki? Ga mutum nan da kuɗinsa a hannu!"

Da ƙasa ta tsage da na shige. Hamsatu ta matso, ta rage murya, ta ce, "Inna, me kika yi?" Na ce gyara mata na yi. Ta rufe ido ta buɗe. Ta ce, "Inna, hayaniyar na zo ɗauka. A rediyo ba a ganin kasuwa, jin ta ake yi. In ba ƙara, malam zai ce a ɗakina na zauna na ƙirƙira."

Sai na ce to a yi hayaniya. Wannan ya fi na farko muni. Mata da suka shekara suna zagin juna kan farashi suka koma kamar 'yan wasan makaranta. "Sannu, baiwar Allah, nawa goronki?" "Yadda kika ga dama, 'yar'uwa." Hajiya Kande da kanta, wadda ba ta taɓa sallamawa a tayin farko ba, ta ce wa Bafillacen, "Na sallama, ranka ya daɗe." Mutumin ya tsorata ya ajiye goron. Hamsatu ta sauke makirfo ta zauna a kan kwando ta dafe kai. Rana tana yi, 'yan ƙauye sun fara ɗaure kaya.

Daga nan aka juyo kaina. Wata ta ce ta yi asarar masu saye saboda ni. Mai niƙa ya leƙo ya ce a kunna ko sai Madam ta sa hannu? Hajiya Kande ta ce dama tun muna 'yan mata haka nake, in na yi ciniki sai mai saye ya kara kunne a bakina, shi ya sa gorona yake kwana. Wannan ce ta ƙona ni. Ni da ba a taɓa jin muryata a tsakar gida ba, na ji kaina ina cewa, "Kande, gorona ne ke kwana? Wa ya sayar miki da farin goron nan da kika kai Parakou kika ce daga Gana ya zo?" Rumfa ta ɗauki shewa. Aka kasu biyu, ana tafi, ana rantsuwa, inji ya tashi, Bafillace ya dawo yana tayi ana ce masa albarka, akuyar ma ban san wa ya kwance ta ba.

Sai da na gaji na waiwaya, na ga Hamsatu a tsaye, makirfo a sama, tana cizon leɓe don kada dariyarta ta shiga.

Ta yi hirarrakinta, ta koma Parakou ko ruwan gida ba ta sha ba. Ta ci darasin. Da muryata rahoton ya buɗe, ina faɗa da Kande, kuma ta ce malamin ya sa an maimaita wurin a gaban dukan aji, ya ce haka kasuwa take. Gidan rediyon ma suka sa shi, dangi na Parakou suka yi ta kira suna tambaya ko lafiya nake. A Partago kuwa sunana ya koma Madam Shiru, in na shigo rumfa sai kowa ya ɗora yatsa a baki.

Yanzu in Hamsatu ta ce tana da aiki, ba na yin tunani. Dambu nake yi mata in zuba a leda, wanda za ta iya ci a tsaye.