Taliyar Inna da Kunnen Baba

Mu uku muka rage a gida bayan rasuwar Inna: ni, da Baba, da yayana Nomau. Nomau mutum ne da in ka gaya masa magana, hannu biyu yake sawa ya ɗauke ta kamar ƙwarya cike da nono, ba ya yarda ko ɗigo ya zube. Inna kuwa taliya take murzawa, ta garin alkama, ta shanya a igiya a tsakar gida. Kwana arba'in da binne ta kunnen Baba ya toshe. Ya daina amsa sallama, ya daina cin komai sai kurɓar koko, ya kuma ce asibiti ba za shi ba. Wuyansa ya yi siriri har riga ta yi masa yawa. Tsorona ɗaya ne, kada mu sake haƙa kabari kafin damina.

Wata rana Gwaggo Yalwa, ƙanwar Baba, ta kawo man zaitun da tafarnuwa a 'yar kwalba. Ta ce, "Nomau, a ɗiga masa, amma sai man ya yi ɗumin jiki. Kada ya wuce haka." Nomau ya dubi murhu, ya ga murhu ba jiki ba ne. Sai ya cusa kwalbar a hammata ya matse. Haka ya wuni, kafaɗa a karkace. Liman ya miƙa masa hannu a ƙofar masallaci, ya ce, "A yi haƙuri, Malam, ina dafa magani." Da la'asar ya ɗiga wa Baba. Baba ya juya fuska ga bango.

Wata rana Gwaggo ta ce, "Iska ce ke tayar da ciwon kunne. A toshe mata hanya." Auduga take nufi, a kunne. Nomau ya kwaɓa ragowar garin Inna, ya bi ɗakin Baba yana liƙe duk tsagar bango, da ramin makulli, da gefen taga. Kafin azahar kiyashi sun yi layi tun daga zaure, akuyar maƙwabta tana lasar ƙofa. Muna kankarewa ya tambaye ni, "Ƙanena, maganar da muke yi wa Baba ba ya ji, ina take zuwa? Taruwa take a bakin kunnen, ko komawa take?" Na yi aji biyu a sakandare, amma ban san amsar ba. Har yau nakan yi tunaninta.

Wata rana Gwaggo ta leƙa ɗakin, ta fito tana share ido da gefen mayafi. Ta ce, "Ciwo ba ya barin mai yunwa. A daina maiƙo, a daina magi. Taliyar alkama za a yi masa, da zogale da daddawa. Nomau, ka yi ta yadda uwarku take yi, kada ka rage komai."

Da hantsi na dawo daga gona na tarar da Nomau ɗaure da zanen Inna mai ruwan bula, har da ɗankwalinta. Yana juya injin murji, injin yana kukansa na da, taliya na zubowa zara-zara. Ya kori kaza da ƙafar hagu, yadda Inna take yi. Ya dube ni ya ce, "Kai kuma, raggo, sai yanzu?" Na buɗe baki zan ce ya cire kayan nan kafin wani ya shigo, sai na fasa.

Da taliyar ta dahu ya zuba a akushi, ya je ƙofar ɗakin Baba ya tsaya, hannu ɗaya a ƙugu. Bai ɗaga murya ba, domin Inna ba ta ɗagawa. Ya ce, "Malam, ko ka fito, ko in ba kaji."

Daga ciki muka ji Baba ya ce, "Kajin naki ai sun fi ni ƙiba."

Amsar da yake ba ta ke nan kullum, shekara talatin. Amsar ta riga shi fitowa kafin ya tuna. Taliyar da ke igiya tana kaɗawa. Can labule ya motsa, Baba ya fito yana dafa bango. Ya daɗe yana kallon zanen, da gemun da ke saman zanen. Sannan ya zauna a tabarma ya jawo akushi.

Ya kai loma uku, ya ce, "Gishiri ya yi kaɗan."

Nomau ya ce, "Haka kake ce mata. Ita kuma ba ta ƙarawa."

Baba ya yi wani sauti, ban san ko dariya ba ne ko kuka. Ya cinye tas, ya suɗe yatsu. Ya juyo gare ni ya ce, "Kunnen dama ne ba ya ji sosai. Gobe ka kai ni asibitin nan naku." Ya dubi Nomau. "Kai kuma ka tuɓe zanen nan ka ninke."

Nomau ya ce, "Sai na wanke akushi, Baba. Ita ba ta cirewa sai ta wanke."