Laimar Rose Ta Harbi Suruki

"…gida lafiya, yara lafiya, aiki da godiya. Sai dai ganin baiwata da hantsi, hannu rabbana, ko ƙwaryar kunu babu…"

Na'Allah bai kai ƙarshen gaisuwar ba Rose ta dire masa abin da ta riƙo a kan tebur, har ƙananan ƙusoshinsa suka yi tsalle. Laima ce irin mai naɗewa, wadda ake cusawa a jaka, amma ta rabu gida biyu: mariƙi da guntun sanda a gefe guda, kan laimar da yadinsa duk taɓo a ɗaya gefen.

Na'Allah mai gyaran laima ne da tocila, rumfarsa na kusa da tasha a Kontagora. Rose taubashiyarsa ce, uwarta ƙanwar ubansa. A tsakar gida ɗaya suka tashi a Sahon Rami, ita tana zuwa coci, shi masallaci, kuma tun suna yara ba su taɓa haɗuwa ba sai ɗaya ya kira ɗaya bawa. Yau dai fuskarta ba alamar wasa.

"Ajiye gaisuwarka," in ji ta. "Mene ne wannan?"

"Wannan? Da dai laima ce. Yanzu kuwa gawa ce. Da me kika kashe ta?"

"Ni na kashe ta? Kai ba ka ji kunya ba, gardi da gemu kamar na bunsuru? Ba ranar Laraba na kawo maka ita ba, na ce maɓallin ya daina aiki?"

"Kin kawo. Na gyara. Kin tafi ko na gode babu, halin bayi."

"Uban wa ye bawanka? Ni 'yar mace ce, a gidanku aka yi tarairayar uwata lokacin da ubanka ke kiwon awaki ba wando!"

"A'a, bar tsohona ya huta a kabarinsa. Faɗi abin da ya kawo ki, kina kore mini masu gyara."

"Gara su gudu tun da sauran idanunsu! Jama'a, ku ji," ta juya wajen masu jiran mota da suka fara kasa kunne, "kowa ya kawo wa mutumin nan laima, bindiga zai mayar masa!"

Na'Allah ya miƙe tsaye, ransa ya fara ɓaci da gaske. "Ke Rose, wasa wasa ne, amma kar ki taɓa mini sana'a. Shekara goma sha tara ina nan wurin."

"Shekara goma sha tara kana nakasa bayin Allah! Zauna ka ji abin da ka yi mini. Jiya Asabar muka je Mashegu neman wa ɗana Obed auren Patience."

"Jiya ne? Ai da kin faɗa mini…"

"Da na faɗa maka me, ka zo ka cinye musu tuwo? Mun sauka a mashin ke nan, da kayanmu niƙi-niƙi, sai ga uban yarinyar ya fito tarbarmu da kansa. Dattijo Joshua. Dattijon ikilisiya, mutumin da ko tari ba a yi a gabansa. Ya sha farar riga da sabuwar hula. Muna cikin gaisawa ruwa ya fara yayyafi. Na ce bari in nuna musu gidanmu akwai tarbiyya. Na zaro laima daga jaka, na ce, Baba, bari in rufa maka. Na danna maɓalli."

"Ta buɗe."

"Ta tashi! Kan laimar ya fice daga sanda kamar kibiya, ya daki goshin dattijo, ya kwashe hularsa, kan laimar da hular suka faɗa cikin kwata. Ni kuwa ina tsaye da mariƙi a hannu kamar wadda ta zo yi masa allura."

Wani daga cikin masu jiran mota ya tuntsire da dariya. Na'Allah ya danne tasa da ƙyar, gemunsa na rawa.

"Dariya kake yi?"

"Wa? Ni? Atishawa ce ta maƙale. Amma tsakani da Allah, wa ya ce ki saita ta a fuskar mutum? Laima sama ake nunawa. Ko akuya ta san ruwa daga sama yake zuwa."

"Ko sama na nuna ai sai ta kakkaɓo jirgi!"

"Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Tun farko na ce miki mai maɓalli ba ta 'yan ƙauye ba ce. Ku da kuka saba da ganyen ayaba a ka, me ya kai ki?"

"Ɗan birni! Kai da ka fara ganin fanka ka durƙusa ka gaishe ta!"

"Ƙarya kike yi, takalmina nake ɗaurewa."

"Silifas ne a ƙafarka ran nan!"

Na'Allah ya ja tsaki, ya koma kan bencinsa, ya jawo gutsattsarin laimar gabansa. Ya ɗauki filaya yana nuna ta da ita.

"Matso in koya miki abin da ba a koyarwa a gonar doya. Kin ga sandar nan? Gaɓa uku ce, kowace tana shigewa cikin 'yar'uwarta, shi ya sa take gajarta ta shiga jakarki mai warin daddawa. A cikin sandar akwai dogon sifirin, wato naɗaɗɗiyar wayar ƙarfe. In kin tura ta kin rufe, kin danne shi ke nan, sai wani ɗan harshen ƙarfe a cikin mariƙi ya riƙe. In kin danna maɓalli, harshen ya saki, sifirin ya miƙe, sanda ta tsawaita. Tana tsawaita tana jan wani zare, zaren ya ja zoben nan sama, zoben ya tura haƙarƙarin nan takwas, kowane da gwiwa biyu, su miƙe su ja yadi. Duk cikin ƙiftawar ido. Mutanen da suka ƙera wannan sun yi tunani, ba irin kanki ba."

"Na ji wa'azi. To a cikin tunanin nasu, ina wurin da aka ce ta tashi ta mari suruki?"

"Ba za ta tashi ba sai an ci zalinta. A kowace gaɓa akwai abin da ke tare ta kar ta wuce iyaka. Ta saman nan ƙusa ce 'yar mitsitsiya, ita ke riƙe kai da sanda. Ke dai kin yi dakan yaji da ita, ko kin kori kaji."

"Tun da na karɓa a hannunka ban buɗe ta ba sai jiya."

"To kin naɗe ta da danshi ta yi tsatsa."

"A kwana uku? Laifi tudu ne, Na'Allah. Buɗe ramin ƙusar mu gani."

"Ba sai an buɗe ba, ni na san aikina."

"Buɗe!"

Ya ɗaga bakin sandar wajen haske, ya sa tsinin waya ya zunguri ɗan ramin. Wani abu ya faɗo kan tebur, ɗan guntu, fari-fari. Na'Allah ya dube shi sau ɗaya, ya yi maza ya ɗora babban yatsansa a kai.

"Me ka rufe?"

"Ba komai. Datti ne."

"Ɗaga yatsan."

"Yatsana ne, inda na ga dama nake ajiye shi."

Rose ta ɗauki mariƙin laimar ta ƙwala masa a bayan hannu. Ya janye da ƙara. Ta tsinci abin, ta kai shi kusa da idonta, ta juya shi. Muryarta ta sauka ƙasa, abin da ya fi ihun ban tsoro.

"Tsinken ashana."

"Ba kowace ashana ba ce. Wannan itacen…"

"Tsinken ashana ka sa mini a wurin ƙusa."

"Na ɗan lokaci ne! Wallahi na ɗan lokaci ne! Tsohon sifirin ɗinki ya mutu, na sa miki sabo na babbar laima, mai ƙarfi, don ina ganin mutuncinki. Ƙusar ta faɗi ƙasa, na sa tsinke ya riƙe kafin in nemo ta. Sai kika tsaya a kaina kina ta bala'i, mota za ta tashi, mota za ta tashi, kai kunkuru ne, kai hawainiya ne. Kika fizge kika tafi. Sauri ya haifi nawa!"

"Bakinka ciwo yake yi da ba ka ce mini in tsaya ba?"

"Wa ke samun wurin sa magana in kina yi? Ko mai wa'azin tasha sai ya kashe lasifika in kin iso."

"Au, laifina ne ma?"

"In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari."

"Borin kunya! Ka haɗa ƙarfin doki da linzamin zare, ka miƙa mini, ka koma kana shan shayi. Kwana uku, Na'Allah! Kana da lambata. Ko yaron da aka haifa jiya ya san a kira a ce, kar ki danna."

"Na manta."

"Ka manta."

Ta zauna a ƙarshen bencin, tsinken na tafin hannunta. Masu jiran mota suka ga abin ya wuce na dariya, suka fara janyewa.

"Ka san abin da dattijon ya yi?" in ji ta. "Bai yi faɗa ba. Da ya zage ni da na ji sanyi. Ya dafe goshi, ya dubi hularsa a kwata, ya dube ni, ya shige gida. Muka zauna a zaure har ruwa ya ɗauke. Daga baya ƙaninsa ya fito ya ce, ku je, za mu neme ku. Ko kayan ba su buɗe ba. Wata tsohuwa a gidan har tana cewa wannan alama ce. Shekara uku Obed yana bin yarinyar nan. Tun jiya bai sa komai a bakinsa ba, ko kallona ba ya yi. Ni uwarsa, ni na je na kunyata shi."

Na'Allah ya ajiye filayar. Shi ya goya Obed a kafaɗa zuwa kallon ƙwallo tun yaron bai iya ɗaure wando ba, kuma har gobe Kawu yake kiransa. Ya sa hannu ya shafa gemu, ya dubi guntun tsinken.

"Goshin ya fashe?"

"Ya yi ƙulu kamar ƙwan zabo."

"Innalillahi. Ɗan hakin da ka raina…" Bai ƙarasa ba. Ya fara kwashe filaya da ƙusoshi yana zubawa cikin akwati.

"Me kake yi kuma?"

"Rufe rumfa. Mashegu za mu."

"Mu wa? Ka je ka ƙarasa shi?"

"In je in durƙusa a gabansa da sandar nan da tsinken nan, in nuna masa ramin, in ce, Baba, ba alama ba ce, ba raini ba ne, sakarcin mai gyara ne, ga shi a gabanka. In duka ne ya dake ni. Yau Lahadi, in mun tashi yanzu za mu same shi ya taso daga coci, zuciyarsa na da taushi."

Rose ta dube shi sama da ƙasa. "Za ka faɗi haka? A gaban mutane? Kai da ko a wasan langa ba ka taɓa yarda an kayar da kai ba?"

"Ba don ke ba. Ke ko a rijiya kika faɗa sai na gama cin abinci. Don Obed ne. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

"Maimaita wurin sakarcin nan, ban ji da kyau ba."

"Sau ɗaya ake faɗa, kuma na dattijo ne."

"To ka canza rigar nan, kar su ɗauka almajirin makanike na kawo. Kuma in mun isa kar ka kira ni baiwa, in ba haka ba ni zan ƙara maka ƙulu biyu."

"Zan kira ki Maman Obed, in tofar da yawu daga baya."

Ya leƙa bayan rumfa, ya zaro wata doguwar laima baƙa, sabuwa fil a ledarta, ya miƙa mata yana kau da kai.

"Ungo. Hadari na haɗowa ta gabas. Wannan sanda ɗaya ce, ba gaɓa, ba maɓalli, ba sifirin. Da hannu ake tura zoben sama har ya ce ƙas. Ko jaki aka miƙa wa, zai iya buɗe ta."

Rose ba ta karɓa ba. Ta naɗe hannu a ƙirji.

"Ban yarda da kayanka ba. Buɗe mu gani."

Na'Allah ya yage ledar, ya tura zoben sama da ƙarfi, laimar ta baje a kansa ta ce ƙas. Ya tsaya a ƙarƙashinta yana hura hanci.

"Kin gani?"

"Na gani," in ji Rose. "Gaskiyarka. Ya iya."

Sai da ya yi ɗan jim kafin maganar ta iso shi. Ashe shi ne jakin. Rose kuwa dariyar da ta riƙe tun jiya a ƙofar gidan Dattijo Joshua ta ƙwace mata gaba ɗaya, har tana dafa tebur tana share hawaye da gefen ɗankwali.

"Allah ya isa tsakanina da ke," in ji shi, shi ma yana dariya. "Karɓi abinki mu je, kafin ƙulun ya sace mu rasa shaida."