Ranar da Babana Ya Zama Ɗan Import-Export

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ba, ko da kuwa zan manta duk lissafin da aka ɗura mana a lise, wato babbar sakandare. Ina tarminal, ajin ƙarshe, a Matameye, saura 'yan watanni mu rubuta bak, jarrabawar shiga jami'a, aka ce wata ƙungiya za ta zo daga Damagaram ta zaɓi ɗalibai. Wanda ya dace, za a riƙa yi masa ƙarin darasi duk ƙarshen mako, a ba shi littattafai, a cika masa dosiye, wato takardun neman jami'a, in ya ci bak a nema masa wurin zama a can. A gidanmu ni kaɗai na taɓa kaiwa lise, kuma ko ta wace ƙofa ake shiga jami'a ban sani ba. Kun ga ke nan ba ƙaramar dama ba ce.

An liƙa takardar a bangon ofis. Cunkoso ya hana ni matsawa, layin farko kawai na hango: za a yi hira da kowane ɗalibi. (Sauran layukan, masu bayanin irin ɗaliban da ake nema, ban karanta ba. Mai shirin zama likita ke nan.)

Na nemi shawarar Yaya Sani, da yake yana Legas cirani, ya ga duniya. Ya turo mini murya ta waya: "Ki saurare ni da kyau. Manya ba sa son ganin wahala. Nan Legas in ka yi kama da talaka, ko mai gadi ba ya amsa maka sallama. Ki shiga kamar kin fi ƙarfin abin, su da kansu za su roƙe ki." (Shayi yake sayarwa a bakin gareji, amma a lokacin jinsa nake kamar minista.)

Na wuce wurin matarsa Hadiza, na kwaso leshin aurenta, da sarƙa, da jaka mai ƙyalli, da takalmi mai tsini wanda ya yi mini kaɗan. Har tabarau na ara, wanda ba ya ƙara gani ba ya ragewa. Ranar Asabar na bari sai da Inna ta fita tasha wurin tuya, sannan na shirya na kama hanya, tsinin takalmi yana nutsewa cikin rairayi ina ciro shi.

A farfajiyar lise na ci karo da Ramatu, 'yar Alhaji mai shagon siminti, wadda kullum a mota ake sauke ta. Ranar a ƙasa ta zo, cikin koɗaɗɗen hijabi da silifa ɗaure da waya. Tausayinta ya kama ni. Na ce, "Ramatu, lafiya? Gobara aka yi a gidanku?" Ta dube ni daga tabarau har takalmi, ta ce, "Allah dai ya ba ki sa'a." Na ce amin da ƙarfi.

Mutum biyu ne a teburin: wata Madam daga ƙungiyar, da ordinatar, wato kwamfuta, a gabanta, sai Mushe Isa, malaminmu na lissafi, yana wakiltar makaranta. Na zauna na ɗora ƙafa kan ƙafa. Madam ta tambaye ni da Faransanci mene ne aikin mahaifina.

"Import-export," na ce. (Ban ɗauke shi ƙarya tsagwaro ba. Baba yakan fita Najeriya da rani ya tura kurar ruwa, ya shigo da damina ya yi noma. Akwai fita, akwai shigowa. Shi ne dai kayan.)

Mahaifiya fa? Na ce tana da restoran kusa da tasha. Akwai wanda ya je jami'a a danginku? Na ce kawuna kullum yana can. (Yana can ɗin. A bakin ƙofa, da kulki.) Kuna da wuta a gida? Na ce sola muke amfani da ita, ban dai ce tocilan ce da muke shanyawa a kan katanga ba.

Madam ta yi murmushi, ta rufe dosiyena a hankali. Ta koma Hausa, wataƙila don in ji da kyau. "'Yata, ki gode wa Allah. Wannan shiri na 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne, waɗanda babu wanda ya taɓa yin karatu mai zurfi a gidansu. Ke kam ba ki bukatarmu. Kira mini na gaba."

Na ji leshin ya yi mini nauyi kamar an jiƙa shi. Jami'ar nan da nake mafarki, ni da bakina na kore ta cikin minti biyar. Na miƙe zan fita.

Mushe Isa, wanda tun shigowata yake kallon silin, ya yi gyaran murya. "Madam, kafin ta fita. Restoran ɗin nan na san shi, can nake karyawa kullum. Kujera ɗaya ce, ita ma mai shi ke zaune a kai. Yau da na je sayen ƙosai na ce mata ta zo ta sa hannu, tana nan waje."

Inna ta yi sallama ta shigo, zaninta duk tabon mai, da ƙullin ƙosai a takarda ta kawo wa baƙi. Ta gaishe su, ta dubi inda nake ta ce, "Sannu Hajiya." Sai da ta ƙara dubawa ta dafe ƙirji. "Ke! Bikin wa ake yi? Wannan ba leshin Hadiza ba ne?"

Tagogin ajin ba su da gilashi, kuma duk 'yan layi suna jingine a jikinsu. Dariyar da ta tashi, na tabbata an ji ta har garin Kurni.

Madam ta danne tata, ta sake buɗe dosiyen, ta ce mu faro daga farko. Haka na riƙa kwance ƙaryata ɗaya bayan ɗaya, a gaban Inna, da Hausa. Kurar ruwa. Kaskon ƙosai. Kulki. Tocilan. Da aka zo wurin restoran, Inna ta ce, "Ina yake, in je ni ma in ci?" Ta dangwala yatsa a tawada ta manna a takarda.

A hanyar gida na cire takalmin na riƙe a hannu. Mun yi nisa kafin ta yi magana, kuma ba da faɗa ba. "Shekara nawa ina shan hayaƙi don ki kai inda kika kai. Ashe hayaƙin ne abin ɓoyewa." Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Na yi kuka har ƙofar gida, kwallin aro yana zuba a kan leshin aro.

An ɗauke ni, ni ce ta ƙarshe a jerin. Ramatu ce ta farko. (Na ji an ce da take ba da labarin yadda suke kwana da yunwa, har Madam sai da ta nemi hankici.) Na ci bak, na tafi Damagaram, kuma har yau in na dawo hutu 'yan ajinmu ba sa kirana da sunana, sai Import-Export.

Darasin da na ɗauka guda biyu ne. Na farko, sana'ar da ta ciyar da kai ba abin rufewa da leshi ba ce. Na biyu, in har shaiɗan ya ci ƙarfinka sai ka yi ƙarya, ka fara binciken inda alƙalan suke karyawa da safe.