Tagar Nazeer Ta Tafi Shago

"Lafiya lau, baiwata. Ajiye kwanon ki kama gabanki."

Nazeer ke nan, ko kai bai ɗago ba. Hassana 'yar gwaggonsa ce, taubashiyarsa, an aiko ta da dambu daga Gwale, ta tarar da shi a soro ya tasa kwamfuta a gaba yana haɗa gumi. Mutumin naku wai shi gwani, da hannunsa ya rubuta fayil ɗin da ke nuna wa kowace taga inda za ta zauna a allo. Yau ga intabiyu ta bidiyo, aikin da ya yi wata shida yana nema, yana danna mahaɗin shiga intabiyun, sai tagar burauza ta yi ɓatan dabo.

"Ubangida da zufa haka? Aljanun Dala ne suka sace maka tagar?"

"Ke, suna can suna jirana!"

"Karanto min abin da ka rubuta."

"In burauza ce ko manhajar bidiyo, kuma allo na biyu yana jone, a kai ta can."

"Ina allo na biyun?"

"Yana shago."

"To, burauzarka ta bi shi shagon! Na'ura 'kuma' take fara ɗaurewa kafin ta waiwayi 'ko'. Ka ce a ba Garba ko Sule nama in an yi shara, sai ta liƙa wa Sule tsintsiya, Garba ya ci a ɓagas."

"To gyara mana!"

"Durƙusa tukuna, ka faɗi waye bawa."

"Allah ya kiyaye! Ubana ne ya goyi uwarki."

"Ita kuma ta koya masa ƙirga. Kai ne dai ba a samu mai koya maka ba."

Nazeer ya dubi agogo. Wallahi sai ga ɗan namiji a ƙasa.

"Ranki ya daɗe, ni ne bawa."

"Ban ji ba."

"Ni ne bawa, kuma kaina kabewa ce!"

Ta sa baka biyu, ta kulle burauza da bidiyo wuri guda, ta sake loda fayil ɗin. Sai ga taga ta faɗo tsakiyar allo, masu intabiyun mutum uku sun zuba ido, wata Hajiya tana share hawayen dariya. Ashe tun ɗazu kyamara a buɗe take!

"Malam Nazeer, tashi mu fara," in ji Hajiyar. "Amma uwargijiyar taka kada ta yi nisa, muna son ganinta."

Kunya ta rufe shi, sai kuma ya fashe da dariya, ya tura wa Hassana kujerarsa.

"Hau, ranki ya daɗe. Ni a durƙushen ma zan amsa."