Yadda Za Ka Ci Aikin Rukuni Ba Ka Rubuta Ko Layi Ɗaya Ba

Ɗan'uwa, an raba ku biyar-biyar, an ce ku haɗa manhaja kafin ƙarshen zango, wanda ya faɗi kuma babu kammala jami'a bana. Kai kuwa laftof ɗinka ban da kallon ƙwallo ba ta san komai ba. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, maki naka ne, babu tantama.

1. Zaɓi rukuni

Nemi ɗalibar nan da ake ce wa Injiniya, mai zama a gaba, wadda malam kansa yake shakkar tambayoyinta. Liƙe mata. In ta ce sun cika, marairaice: "Haba 'yar'uwa, ni ko shara ce sai in riƙa yi muku."

2. Taron tsaye

Kullum da safe za ku tsaya, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya. Haɗe gira ka ce, "Ina nazarin tsarin ne." Nazari ba ya ƙarewa, ba a kuma cewa a fito da shi a gani.

3. Cika rajista

Nan ake gane gwani. Duk wanda ya taɓa aikin, na'ura tana rubuta sunansa, malam kuma yana dubawa. To buɗe fayil, ƙara fili guda tsakanin kalmomi biyu, aika. Jim kaɗan goge filin, sake aikawa, ka sa masa suna "muhimmin gyara". Cikin sati shida sunanka ya fito sau ɗari uku. Injiniya, baiwar Allah, arba'in kacal.

4. Ranar gwaji

Sa riga mai guga. Malam zai duba rajista, ya ɗago ya ce, "Ashe kai ne gwarzon rukunin nan! Zo ka mayar mana da maɓallin can na manhajar kore." Kada ka kalli Injiniya, ta riga ta naɗe hannu tana wani irin murmushi. Zauna. Yi tari. Ja linzamin kwamfuta hagu, ja shi dama. Ka ce, "Malam, wallahi jiya yana yi."

5. Abin da za ka yi bayan nan

Gaskiya wannan matakin ni ma ban gano shi ba tukuna.

Gargaɗi: duk abin da ya biyo baya ba ruwana. In Baba ya tambayi dalilin da abokanka suka sa rigar yaye kai kana tsakar gida, kada ka kuskura ka ambace ni. Mai ƙorafi ya same ni a aji baɗi, layin baya, kusa da taga. Karo na uku ke nan nake maimaita kwas ɗin.