Sandunan Golf Ɗin Da Kawu Ya Taya Mini

Ko ranar ɗaurin aurena zan iya mantawa (Allah Ya sa matata Balkisa ba za ta ga wannan rubutun ba), amma ban da Asabar ɗin da na tsaya a filin golf riƙe da sanda, ni ina kallon rami, sandar tana kallon wani wajen. Har yau in na tuna sai in ji zufa ta karyo mini a ƙeya.

Bakina ne ya jawo mini. Ina aiki a wani kamfanin inshora a nan Wagadugu, shekara tara a kan tebur guda, kuma a lokacin ana shirin buɗe sabon reshe a garin Bobo. Mu biyu ake tunanin ba wa shugabancin reshen, ni da wata abokiyar aikina mai suna Awa. Ina son kujerar nan kamar raina. Akwai gida, akwai mota, ga damar in huta da tura moto, wato babur ɗina, kowace safiya a lungunmu na Zango, maƙwabta suna zaune suna ba ni shawarar da ban roƙa ba.

Wata rana mun fito daga taro, Direktanmu yana ba da labarin golf, wasan da ya fi so fiye da abinci. Ba wanda ya san kan zancen. Ni kuwa, da shegen son a san da ni, sai na ji bakina ya ce, "Ai na ɗan taɓa bugawa lokacin da na je horo Abidjan." (Gaskiyar magana, na taɓa wucewa ta gefen wani filin golf a cikin bas, kuma ba ma ni ke zaune ta taga ba.)

Direkta ya juyo, fuskarsa a washe. "C'est vrai? Da gaske? To Asabar za ka zo mu buga. Ina da tsohuwar jaka cike da sanduna, zan ara maka. Wej ne kawai babu a ciki, ɗana ya kwashe. Ka nemo biyu, hamsin da biyu da hamsin da shida, sun ishe ka."

Na ce to, kamar wanda aka aika sayen gishiri.

Sai da na koma teburina na tambayi wayata mene ne wej. Ashe gajerun sanduna ne masu kai a kwance, da su ake ɗaga ƙwallo sama idan an kusa rami, ko a fitar da ita daga cikin yashi. Lambobin da Direkta ya faɗa suna nuna yadda kan ya kwanta, kuma a gindin ƙarfen ake buga su. Wannan duk na gane. Da na ga farashin sababbi kuwa sai na kife wayar, na yi salati. Guda ɗaya ta kusa cinye albashina na wata. Ƙarfe ne fa da roba a hannu, ba ya ɗaukar mutum, ba ya dafa tuwo!

Abin da zan iya fitarwa jaka talatin ne na sefa, shi ma kuɗin tayar moto ne na ce ta ƙara haƙuri. Duk makon nan, in na dawo aiki da la'asar, sai in kulle ɗaki in ɗauki muciyar Balkisa ina kwaikwayon Turawan da ke cikin wayata. Ita kuwa sai dai ta roƙi in riƙa mayar mata da muciyar kafin ruwan tuwo ya tafasa.

Ranar Juma'a bayan masallaci na kai kukana wurin Kawu Alasan, ƙanen mahaifiyata, mai sayar da goro a kasuwar Rood Woko. A danginmu ba a sayen abin da ya wuce kaza sai da shi. An ce bai taɓa biyan kuɗin da mai kaya ya fara faɗa ba, ko a kantin magani sai ya taya.

"Sandar wasa?" in ji shi. "Kai da girmanka? To, tashi mu je. Amma ka saurare ni da kyau, ɗana. In mun shiga, ba ka magana, ba ka murmushi, kuma kada in ga ka kama kaya da hannu biyu. Duk wanda ya kama kaya da hannu biyu ya riga ya saya, sai abin da aka yanka masa."

Na goya shi a moto muka nufi unguwar Wemtenga, shagon wani Rasmane mai sayar da gwanjon Turai, irin kayan da ake ce wa "France au revoir". Tsofaffin firji, dutsen guga, keken jarirai, har da kujerar likitan haƙori. Can a lungu ga wani durom cike da sandunan golf, sun yi ƙura.

Kawu ya gaisa da Rasmane da Mosanci, ya tambayi lafiyar gida da ta kasuwa, ya taya firji, ya taya fanka, ya kushe su duka. Sai da muka yi kamar za mu fita sannan ya nuna durom ɗin da bakin takalmi. "Waɗancan fa, na kashe maciji ne?"

Daga nan ya shiga zaɓe yadda yake zaɓen goro. Ya zaro ɗaya da yatsu biyu, ya jinjina, ya duba fuska, ya mayar. Yawancinsu duk sun ƙoƙe, robar hannun ta sule. Can ƙasa sai ya ci karo da wasu guda uku iri ɗaya, suna ƙyalli, ko ƙwarzane babu. Na leƙa gindinsu, murna ta kama ni: hamsin da biyu, hamsin da shida, da sittin. Na miƙa hannu zan karɓi ɗaya in gwada tsayuwa da ita, Kawu ya take mini ƙafa sai da na ga taurari.

Rasmane ya faɗi kuɗi, Kawu ya yi dariya ya nemi hularsa. Ba a daɗe ba aka tsaya a jaka ashirin da biyar kuɗin guda biyu, ta ukun kuma Kawu ya ce gyara ce. Rasmane ya sosa kai ya ce ya sallama. Ko ni da ban san kasuwa ba na yi mamakin saurin sallamar, amma na ɗauka kwarjinin Kawu ne.

Muna biya, Rasmane ya ce, "Ladji, attendez, dakata, akwai magana ɗaya. Wane ne zai buga da su? Saboda sandunan nan…"

"Ka sallama ko ba ka sallama ba?" in ji Kawu.

"Na sallama, mais…"

"To ciniki ya ƙare. Barka."

Ya tura ni waje. Muna kan moto Rasmane ya biyo mu har bakin titi, ya ɗaga hannu ɗaya sama yana nuna shi da ɗayan. Kawu ya zungure ni a haƙarƙari. "Ja mu tafi! Ya gane ya yi asara ne. Mai kaya in ya fara magana bayan ya karɓi kuɗi, ƙari yake nema."

A gida na naɗe su cikin tsohon zanen Balkisa na tura ƙarƙashin gado, don gidanmu gidan yawa ne, in aka gan ni da su sai an yi wata ana kirana Bature. Ban buɗe su ba. Ko sau ɗaya ban ajiye kan sandar a ƙasa na tsaya a kanta ba.

Da safe na isa filin a bayan gari. In kana tsammanin ciyawa irin ta talabijin, ka sauke. Jar ƙasa ce da tsakuwa da itatuwa, kowa yana yawo da guntun tabarmar roba mai kama da ciyawa, duk inda ƙwallonsa ta faɗi sai ya ɗora ta a kai ya buga. Kewayen ramin kuma yashi ne da aka kwaɓa da mai aka lallashe. Mu uku ne: ni, Direkta, da wata ƙawarsa likita, Madam Tarawore, mace mai magana a hankali.

Bugun farko da doguwar sandar aro, Allah Ya rufa mini asiri. Na rufe ido na kai duka, ƙwallo ta tafi gaba. Ba nisa, amma gaba. Na biyu na haƙo ƙasa, na uku ya fi. Direkta ya ce, "An daɗe ba a buga ba, ça va revenir, hannu zai dawo." Na ji har na fara shirya yadda zan jera kujeru a ofishin Bobo.

Da muka kusa ramin sai ya ce, "Yauwa, nan aikin wej ne. Mu ga abin da ka samo."

Na warware zanen a hankali don su ga ƙyalli. Har na ƙara da cewa na daɗe ina bincike kafin in zaɓa, ba kowane wej nake yarda da shi ba. (Ka ji fa. Ba wanda ya tambaye ni.) Direkta ya wuce gaba, ya tsaya can gefe kusa da ramin don ya ga inda ƙwallon za ta sauka. Na ɗora ta a kan tabarma, na gyara tsayuwa yadda na saba da muciya, na sauke kan sandar.

Ga wanda bai sani ba: in kana bugu da dama, ramin yana gefen hagunka ne, fuskar sanda kuma tana kallon ramin. Tawa sai ta juya tana kallon inda muka fito.

Na murɗa ta. Sai bakinta ya juyo yana nuna yatsun ƙafata, ta ƙi zama a ƙasa. Na ajiye na ɗauki hamsin da shida. Haka. Na ɗauki sittin, wadda aka ba mu gyara, ita ma haka. Inna lillahi! Ban gane abin da ke faruwa ba sam, na dai san duk sanduna ukun sun haɗa baki sun juya mini baya a gaban mutumin da kujerar Bobo ke hannunsa.

"Akwai matsala?" Direkta ya ɗaga murya daga inda yake.

A nan ne ya kamata in ce e. Kalma ɗaya tak. Amma sai na ji bakin nan nawa ya sake cewa, "Babu, Direkta. Sabon yayi ne, nouveau modèle. Haka ake ƙera su yanzu."

Na ce bismilla, na kai duka da bayan ƙarfen. Ƙwallon da ya kamata ta tashi sama ta sauko a hankali sai ta fita ƙasa-ƙasa kamar an harba ta da gwafa, ta karkace, ta samu Direkta a ƙwauri. Na ji ƙarar daga inda nake: ƙwas! Mutumin da ban taɓa ganin ko maɓallin rigarsa a buɗe ba, ga shi zaune daɓas a jar ƙasa, riƙe da ƙafa, yana kiran sunan mahaifiyarsa da Mosanci.

Na sandare. Ko gudu ban iya yi wurinsa ba. Madam Tarawore ce ta je ta duba ƙafar, ta ce ba karaya, amma wurin ya fashe, sai an yi ɗinki. Ta ɗaure da hankici, sannan ta dawo ta zare sandar daga hannuna, ta juya ta sau ɗaya.

"Monsieur," ta ce, a hankali kamar mai gaya wa majinyaci sakamakon gwaji, "waɗannan na bahagwai ne. Na masu bugu da hagu. Duka ukun."

Sai a lokacin na ga Rasmane a idona, tsaye bakin titi, yana nuna mana hannunsa na hagu. Shi ya sa ba su da ƙwarzane, shi ya sa suka kwanta a gindin durom ba mai so. Bawan Allah gaskiya yake son faɗa mana, muka gudu da moto.

Direkta ya ɗago daga zaune. "Faɗa mini, ka taɓa buga golf?"

"Ban taɓa ba, Direkta."

"Abidjan fa?"

"A bas na wuce."

Madam ta juya baya, kafaɗunta suna rawa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja tabarmar robar na rufe kaina.

Da na kai wa Kawu labari, ko gezau bai yi ba. Ya ɓare goro ya ce, "Uku a kuɗin da bai kai na ɗaya ba, ka ce an cuce ka? Kaya lafiyarsu ƙalau. Hannunka ne bai dace ba."

Ranar Litinin Direkta ya shigo da ɗingishi. Ma'aikatanmu duk suna da inshorar lafiya a kamfanin, kuma takardar duk wanda ya ji rauni ta teburina take bi. Kafin azahar tasa ta iso, gurbin bayanin yadda haɗari ya faru an bar shi fari. Na rubuta "rauni a wurin wasa". Ta dawo da jan biro: a yi bayani. Na rubuta "ƙwallo ta buge shi". Ta sake dawowa. A karo na uku na rubuta komai da hannuna, cewa wani ma'aikaci wanda bai taɓa buga golf ba ya bugi ƙwallo da bayan sandar bahagwai, bayan ya shaida cewa sabon yayi ce. Na buga hatimi na kai masa da kaina.

Ya karanta har ƙarshe, ya sa hannu. "Ka san golf ba ya cikin sharuɗɗan aikin Bobo," in ji shi. "Awa ko ƙwallon ba ta taɓa gani ba. Sanda kuma kowa yana iya sayen wadda ba ta dace ba. Amma mutumin da zai ga abu a juye da idonsa ya ce mini haka ake ƙera shi, me zai faɗa wa masu hulɗa da mu in yana can nesa da ni?"

A makon nan aka manna sunan Awa a allon sanarwa, kuma ni aka zaɓa in yi jawabin taya murna a madadin ma'aikata.

Abin da na koya bai da yawa, amma ya zauna daram: yanzu duk abin da aka tambaye ni ko na iya, "ban iya ba" nake fara cewa, in ya so daga baya a ga abin mamaki. Kwanan nan Direkta ya tsaya a bakin teburina ya ce kamfani zai kai ma'aikata shaƙatawa wani otal mai wurin ninƙaya, ko na iya iyo.

Na miƙe tsaye na ce, "Direkta, wallahi ko wanka da kofi nake yi."